Yadda ake amfani da kalmar necessarily, mataki-mataki, ga 'yan uwa mazauna Saudiyya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya kan ma'anar kalmar Turancin nan necessarily da yadda ake amfani da ita ta yi yawa, kusan duk wanda ya fara aiki da 'yan Filifin ko 'yan Indiya a Jidda ko Riyad sai ya zo da ita, haka ma ɗaliban Madina masu shirin rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS ko STEP. Wani ya ce ya duba a waya an ce masa ma'anarta "dole", ya je ya faɗa wa manaja, manaja ya tsaya yana kallonsa. Wata kuma nas ce ta ba ta amsa da "not necessarily" a asibiti ta dawo gida ba ta san ko e aka ce mata ko a'a ba. Toh abin da nake so ku riƙe tun daga nan shi ne, necessarily ba ita ce dolen da muke ba da umarni da ita ba, kuma mafi yawan lokacin da za ka ji ta a bakin mutane tana tafe ne da not a gabanta, ma'anarta kuma "ba lallai ba ne". Ku bi matakan a jere, kar a tsallake, don na uku da na bakwai su ne ƙashin bayan abin.

Kayan da za ka tanada

Ba wani kashe kuɗi a nan. Wayarka da intanet sun isa, sai ɗan littafin rubutu da biro irin na shagunan Abu Riyalain. Ƙamus biyu nake ba da shawara, na Cambridge da na Oxford Learner's, duka kyauta ne a intanet kuma suna da ɗan hoton lasifika da za ka taɓa ka ji furucin Ingila da na Amurka. Akwai kuma shafin YouGlish, ka rubuta kalma ya kawo maka gutsattsarin bidiyon YouTube inda mutane na gaske suka faɗe ta, shi ma kyauta. Wanda ya fi son takarda zai samu ƙamus a kantin littattafai na Jarir, amma don kalma ɗaya ba sai ka saya ba. Inda kuɗi yake shi ne jarrabawa, IELTS ta haura riyal 1,000 a zama guda, shi ya sa bai kamata ƙaramin abu irin wannan ya ci maka maki ba.

Hattara: kar ka dogara da manhajar fassara ka jefa mata kalmar ita kaɗai. In za ka yi amfani da ita ka sa mata cikakkiyar jimla, kuma ka gwada fassarar zuwa Larabci ma tunda yawancinmu nan muna ji.

1. Gyara furuci da rubutu

Gaɓa biyar ce: ne-sa-SE-ra-li, ƙarfin murya a kan gaɓa ta uku. Wasu Turawan Ingila suna ɗora ƙarfin a ta farko su haɗiye tsakiya, amma wancan na farko kowa yana gane shi, shi za ka riƙe.

Hattara: harafin c ɗin nan ba irin namu na "ciki" da "cokali" ba ne, s ake furta shi. Na sha jin 'yan uwa suna karanta shi da c ta Hausa, kuma da zarar ka yi haka ɗan Filifin ba zai gane me ka ce ba ko da nahawunka daidai ne.

A rubutu haruffa 11 ne, c ɗaya, s biyu, l ɗaya. Asalinta necessary, sai y ɗin ƙarshe ya koma i aka ƙara ly, kamar yadda easy ke komawa easily. Rubuta ta sau goma a littafinka da hannu, ba a waya ba, don waya tana gyara maka ba tare da ka lura ba, a ɗakin jarrabawa kuwa babu mai gyarawa.

2. Raba ta da danginta

Kafin ka sa ta a jimla ka san 'yan gidansu, don rabin kurakuran daga nan suke. Necessary sifa ce, wato abin da ake buƙata: "A valid iqama is necessary", ana buƙatar iƙama mai rai, wato katin izinin zama da wa'adinsa bai ƙare ba. Necessity suna ne, larura ko abin da ba a iya rayuwa sai da shi, kamar ruwa da abinci. Necessarily ita ce bayanau, ba ta siffanta kaya ko takarda, tana magana ne a kan hukuncin da aka yanke, shin lallai haka yake ko kuwa. Sai unnecessarily, wadda za mu taɓa a gaba.

Hattara: ba a cewa "It is necessarily to bring your passport". Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa a saƙonnin da nake gani. Duk inda kalmar "to" ta Turanci da aikatau suka biyo baya, necessary za ka sa: "It is necessary to bring your passport". Haka "if necessary", wato in ta kama, ba a cewa "if necessarily".

3. Fara da not necessarily, kar ka fara da necessarily

Nan zan daɗe, don wanda ya kama wannan ya kama kusan komai. Not necessarily na nufin abin yana iya zama haka, yana iya ƙin zama haka, mai magana bai ce ƙarya ba ne, ya dai ƙi yarda cewa kullum haka yake. A Hausa muna da shi sarai: ba lallai ba ne, ba dole ba ne ya zama haka. A Larabcin littafi "laisa bid-darura", a bakin 'yan ƙasa kuma za ka ji "mu sharɗ". Duk inda Basa'udiye zai girgiza kai ya ce maka "mu sharɗ", nan ne Bature zai ce not necessarily.

Misali kana Balad a Jidda da abokin aikinka kuna duba turare, ya ce mai tsadar ya fi kyau. Kai kuma ka san wani lokaci kwalba ake saya ba turare ba. Sai ka ce "Expensive is not necessarily better", mai tsada ba lallai ne ya fi kyau ba. Ka lura ba ka ce mai tsada ba shi da kyau ba, ka bar ƙofa a buɗe.

Ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina da na Ummul Ƙura, ku kun riga kun san wannan tun a darasin usulu. Yadda malamai suke bayanin sharaɗi, abin da rashinsa ke lazimta rashi amma samuwarsa ba ta lazimta samuwa, misalin da ake bayarwa kullum alwala ce, in babu ita babu salla, amma don mutum yana da alwala ba shi ke nuna ya yi salla ba. Toh wannan "ba ta lazimta" ɗin, wato "la yalzamu" da Larabci, shi ne ainihin aikin kalmar nan. Da Turanci: "Wudu is necessary for prayer, but having wudu does not necessarily mean you have prayed". Jimla ɗaya ta haɗa maka necessary da necessarily kowacce a mazauninta, ni a ganina wanda ya haddace wannan jimlar ya fi wanda ya haddace ƙa'ida goma, ku rubuta ta a shafin farko.

Abin yi a wannan matakin: ka samo maganganu biyar da mutane suke yanke hukunci da su a unguwarku, ka rubuta su da Hausa tukuna da "ba lallai ba ne". Wanda ya daɗe a Makka ba lallai ne ya iya Larabci ba. Albashi mai yawa ba lallai ne ya zama ajiya mai yawa ba. Sai bayan nan ka mayar da su Turanci.

Hattara: not necessarily ba "a'a" ba ce. In ka tambayi mai kamfani ko za a sabunta maka kwantiragi ya ce not necessarily, bai kore ka ba, bai kuma yi maka alkawari ba. Kar ka tattara kayanka, kar kuma ka kwanta ka yi barci, ka sake tambaya kamar yadda za mu gani a mataki na takwas.

4. San inda take zama a jimla

Ƙa'idar ba ta da wahala, not ke gaba, necessarily na biye da ita manne, sannan babban aikatau ko sifa. Siga uku za ka haddace.

Da is ko are: "It is not necessarily true", ba lallai ne gaskiya ba ne.

Da do ko does: "That does not necessarily mean he is angry", wannan ba lallai yana nufin ya yi fushi ba. Wannan "does not necessarily mean" ɗin ka haddace shi dunƙule kamar kalma ɗaya, don shi ya fi yawo a magana da rubutu.

Da will ko would: "The price will not necessarily drop after Hajj", ba lallai ne farashi ya sauka bayan Hajji ba.

A magana ana taƙaitawa, isn't, doesn't, won't, amma mazaunin necessarily bai canzawa.

Hattara ta farko: bayan does not aikatau ba ya ɗaukar s. "Doesn't necessarily means" kuskure ne, mean kawai za ka ce. Shigar necessarily a tsakiya ce take sa mutum ya manta ya riga ya sa does.

Hattara ta biyu, wannan ta fi haɗari: kar ka juya su. "Not necessarily true" ba lallai gaskiya ba ne. "Necessarily not true" kuwa yana nufin dole ƙarya ne, ba ma yadda za a yi ya zama gaskiya. Kalmomi iri ɗaya, juyi ɗaya, ka tashi daga mai sassauta magana ka koma mai ƙaryata mutum a gaban jama'a. Siga ta biyun ma ba kasafai ake amfani da ita ba sai a littattafan falsafa, ka bar ta kawai.

5. Yi gwajin "dole" kafin ka buɗe baki

Mu a Hausa dole ɗaya ce take mana aiki biyu. Muna cewa "dole ka zo gobe", umarni ke nan. Muna kuma cewa "in ruwa ya yi ƙaranci dole ya yi tsada", wannan ba umarni ba ne, sakamako ne da ba makawa. Turanci ya raba su. Dolen umarni ko wajibci, must ce ko have to ko need to, daidai da "lazim" da muke ji kullum a nan. Dolen sakamako ita ce necessarily.

Gwajin shi ne, ka tambayi kanka, akwai wanda nake sawa ya yi wani abu? In akwai, necessarily ta fita. "You must come tomorrow". "You have to renew your iqama". "I need to send money home". Ba a cewa "You necessarily come tomorrow", ba a cewa "Come necessarily", duk da na san daga ina yake fitowa, mutum yana fassara "ta'al daruri" ne kai tsaye daga Larabci. In gaggawa kake nufi ka ce "It's urgent".

A fom kuma, irin wanda muke cikewa a manhajoji in mun mayar da su Turanci ko a ofishin ma'aikata, ba za ka ga necessarily ba sam. Kalmomin da ke can su ne required da mandatory da compulsory, duk wajibi suke nufi, sai optional, wato ganin dama.

6. Necessarily ita kaɗai, ba not

Tana zuwa, amma a rubutu mai nauyi, rahoto, takardar ofis, maƙalar jami'a. Ma'anarta ba makawa, yanayin abin ne ya tilasta. "Space near the Haram is necessarily limited", wuri kusa da Harami ala tilas ƙayyadadde ne, ba don wani ya so ba sai don haka abin yake. Ko "This is necessarily a short report", wato yanayi ya sa dole rahoton ya zama gajere. Shawarata, ka gane ta in ka gan ta a karatu, amma kar ka yi gaggawar sa ta a maganarka ta yau da kullum, a hira za ta yi nauyi, of course ko obviously sun fi dacewa.

7. Rarrabe ukun da ke rikita mutane

Wannan matakin ba na jarrabawa ba ne kawai, lafiya da aiki suna ciki. Asibitocin ƙasar nan cike suke da nas-nas 'yan Filifin da 'yan Kerala ta Indiya, wata ta iya Larabci wata kaɗan-kaɗan, da yawa cikinmu da Turanci muke ƙarasa magana da su. Ka ɗauka ka kai mahaifiya gwajin jini, ka tsaya a gaban tebur da takarda a hannu ka tambaya ko sai ta zo ba ta ci komai ba. Amsa uku za ka iya samu, kuma kowacce aikin da za ka yi daban ne.

"It's not necessary", babu buƙata. Ta ci abincinta ta zo. Daidai yake da "She doesn't have to fast" ko "No need".

"Not necessarily", ba lallai ba ne, ya danganta. Wataƙila da irin gwajin da likita ya rubuta, don akwai gwajin suga da ake yi sai mutum bai ci komai ba, akwai kuma wanda ba ruwansa. Nan ba ka samu amsa ba tukuna, kar ka bar teburin.

"She must not eat", kada ta ci. Hani ne kai tsaye.

In kana son ka riƙe su da harshen fiƙihu, must wajibi ne, must not haramun, don't have to kuma an ɗauke wajibcin, ka yi ko ka bari duk ɗaya. Not necessarily ba ta cikin wannan layin ma, ita cewa take akwai tafsili.

Hattara: must not ba kishiyar must ba ce ta fuskar sauke nauyi. Mutum yana so ya ce wa abokin aikinsa "ba sai ka zo ranar Juma'a ba" sai ya ce "You must not come on Friday", shi kuma ya ji an hana shi zuwa ne, har ya fara tunanin ko ya yi laifi. Abin faɗa shi ne "You don't have to come".

Hattara kuma da unnecessarily. Wasu suna ganin un a farko su ɗauka ita ce not necessarily a dunƙule. Ba ita ba ce. Ma'anarta ba gaira ba dalili, ko fiye da kima: "He was shouting unnecessarily", yana ta ihu ba dalili. In ka ce wa shugabanka unnecessarily a matsayin amsa alhali not necessarily kake nufi, kamar ka ce masa maganarsa ta banza ce.

8. Yi amfani da ita a matsayin amsa

Not necessarily tana tsayawa ita kaɗai a matsayin cikakkiyar amsa, kuma tana daga hanyoyin da suka fi ladabi na ƙin yarda da magana, musamman da na gaba da kai. Manaja ya ce kayan sun makara don direba ya yi sakaci, kai kuma ka san hanyar ce ta cushe. In ka ce "No" ko "You are wrong" ka ja wa kanka. Ka ce "Not necessarily, sir. The road was closed near the port". Wato ka sassauta, sannan ka kawo dalili nan take.

Hattara: kar ka faɗe ta ka yi shiru. Ba tare da dalili a bayanta ba tana iya fitowa kamar gardama ko rainin wayo. Jimla ɗaya ta biyo baya ta wadatar.

In kuma kai aka faɗa wa, tambayar da za ka mayar ita ce "What does it depend on?", da me ya danganta? Ko "So in my case, yes or no?", toh ni a nawa halin e ne ko a'a? A asibiti da wajen maganar albashi ko biza kar ka ji kunyar wannan tambayar ko kaɗan, haƙƙinka ne, in ma ta kama ka ce a rubuta maka ko a kira wanda ya iya Larabci.

9. Masu jarrabawa

A kashi na biyu na rubutun IELTS ana ba ka kusan minti 40 ka rubuta aƙalla kalma 250 kana tattauna ra'ayi, kuma a nan iya sassauta hukunci yana nuna ka ƙware. Maimakon ka rubuta cewa kuɗi ba ya kawo kwanciyar hankali, wanda hukunci ne mai faɗi, ka rubuta "Higher income does not necessarily lead to happiness". Sau ɗaya ko biyu a maƙala ya isa, in ka cusa ta a kowane sakin layi mai dubawa zai gane haddacewa ka yi. A ɓangaren karatu kuma ka buɗe ido, in nassi ya ce "not necessarily" tambaya ta juya shi zuwa never ko always, ba abu ɗaya ba ne. STEP, wadda cibiyar jarrabawa ta Ƙiyas ke shiryawa, zaɓi ce tsakanin amsoshi, don haka abin da zai amfane ka can shi ne mataki na biyu, ka kalli gurbin ka ga sifa yake nema ko bayanau.

10. Atisayen mako guda

Kwana biyun farko ka saurari kalmar a YouGlish kana maimaitawa da murya, minti goma bayan Asuba ko a motar zuwa aiki. Kwana biyu na gaba ka rubuta jimla biyar-biyar da sigogi ukun mataki na huɗu, daga abin da ya shafe ka, haya, kafili, makarantar yara, kuɗin aikawa gida. Sauran kwanakin ka fito da ita baki, ka samu abokin aiki ɗaya mai Turanci ka faɗa masa kana koyo, yawancinsu suna jin daɗin gyarawa.

Ga huɗu ka fara da su yanzu, ka mayar Turanci kafin ka duba amsa. Ba sai ka kawo fasfo ba. Ba lallai ne ya zo yau ba. Kada ka ajiye mota a nan. Dole ka sa hannu a nan.

Amsoshin a jere: "You don't have to bring your passport". "He won't necessarily come today". "You must not park here". "You have to sign here". Guda ɗaya ce kacal a cikin huɗun ta ɗauki necessarily, in ka sa ta a fiye da haka ka koma mataki na biyar da na bakwai ka sake bin su kafin ka ci gaba da atisayen.